Littafin da Ba Ya Yi wa Kowa Kirari

Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Sun kuma ce laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Kakannin da suka bar waɗannan maganganu ba su shiga lakwal ba, amma sun san ɗan adam sarai. Mutum yana iya ƙirga awakin maƙwabcinsa daga nesa, ya san ranar da matar wane ta yi yaji da abin da ya kawo yajin, amma in aka tambaye shi halin zuciyarsa sai ya yi ta kame-kame. Ba kullum ba ne don yana son ƙarya. Sau da yawa shi kansa bai sani ba, gama ido yana ganin kome, fuskar mai shi kaɗai ce ba ya gani.

To, wa zai gaya wa mutum gaskiyar halinsa? Aboki yana jin nauyi. Matar gida tana gudun ɓacin rai. Yaro ba shi da bakin gaya wa babba. Maƙiyi yakan faɗi gaskiya wani lokaci, amma ya kwaɓa ta da ƙiyayya har ba ta haɗiyuwa. Maroƙi kuwa, in an miƙa masa jikka ɗaya, sai ya mai da rowa tattali, ya mai da zalunci jaruntaka. Saura zuciyar mutum, ita ce kuwa annabi Irmiya ya yi kashedi a kanta, don ta iya yaudarar mai ita. Zuciya alƙali ce wadda ta riga ta karɓi toshi daga hannun wanda ake ƙara.

Saboda haka ne ikkilisiya take koya wa ƴaƴanta su auna kansu da Maganar Allah. Kowane ɗan katikisma ya ji cewa Manzo Bulus ya umarci Korantiyawa kowa ya binciki kansa kafin ya matso ga Jibin Ubangiji. Amma wanda za a ɗora ransa a kan ma'auni yana da hakkin ya tambaya ko ma'aunin na gaskiya ne. Tambayar kashi biyu ce. Ta fari, ko littafin da yake hannun masu bi yau shi ne wanda aka rubuta tun da. Ta biyu, ko littafin yana faɗin gaskiya a kan ɗan adam, ko kuwa shi ma maroƙi ne.

Ko an taɓa littafin?

A Nijar, inda masu bi ba su da yawa, da wuya yaro Kirista ya gama lakwal bai ji wani ya ce masa an canja littafinsu ba. Mai faɗin haka sau da yawa ba da mugunta yake faɗa ba, abin da ya ji ne yake maimaitawa. Amsar ba ta bukatar faɗa ko ɗaga murya, gama shaidun suna nan a ajiye.

Wajen shekara ta 1947 waɗansu makiyaya Larabawa suka tarar da tuluna cikin wani kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, da naɗaɗɗun littattafai na fata a ciki. Ɗaya daga cikinsu littafin annabi Ishaya ne, tun daga farko har ƙarshe. Tsawonsa ya fi mita 7, an kuwa rubuta shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Kafin a same shi, manyan littattafan Ibrananci mafi tsufa da ake da su na wajen shekara ta 900 zuwa 1000 bayan Almasihu ne. Masana suka jera tsohon da sababbin, da tazarar shekara 1000 a tsakaninsu, suka tarar yawancin bambancin na yadda ake rubuta kalma ne da na ƙananan kalmomi. Saƙon annabin yana nan yadda yake.

Sabon Alkawari kuma yana da rubuce-rubucen hannu na Helenanci fiye da 5,000, waɗansu guntaye, waɗansu cikakku. Akwai wanda aka samu a gidan sufaye na gindin Dutsen Sina'i, an rubuta shi cikin ƙarni na 4, yana ɗauke da Sabon Alkawari duka, mafi yawan shafofinsa suna Landan yau. Tun da wuri aka juya littattafan nan zuwa harshen Suriya, da na Roma, da na Kibɗawan Masar, da na Habasha, suka bazu ƙasa ƙasa. Babu sarkin da ya taɓa samun ikon tattara su duka, balle ya gyara su baki ɗaya.

Wannan ba ya nufin hannun magwafi bai taɓa kuskure ba. Ayoyin ƙarshe na Bisharar Markus, da labarin matar da aka kama da zina cikin Yahaya sura 8, ba su cikin rubuce-rubuce mafi tsufa. Masu fassara ba su ɓoye wannan ba, Littattafai Masu Tsarki da yawa da ake bugawa suna da ɗan bayani a kansa a gindin shafi. Dillalin da ya nuna wa mai saye ƙafar da doki yake ɗingishi da ita, shi ne ake komawa wurinsa badi.

Zuwan littafin bakin Hausa ma a fili aka yi shi. A 1857 wani ɗan mishan mai suna Schön ya buga Bisharar Matiyu da Hausa, wanda ya taimake shi da harshen kuwa Dorugu ne, yaro ɗan ƙasar Damagaram da matafiyin nan Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa, a 1979 kuma sabuwar fassara ta fito. Wanda yake da su biyu yana iya shimfiɗa su gefe da gefe, ya ƙara da na Faransanci. Zai ga Hausar ta bambanta, amma labarin ɗaya ne.

Littafin da bai rufa wa manyansa asiri ba

Tambaya ta biyu ta fi ta fari nauyi, gama ana iya adana littafin ƙarya shekara dubu ba a canja ko harafi ɗaya ba. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda littafin yake yi da mutanen da yake girmamawa.

An san al'adar fada. Makaɗin sarki ba ya waƙar ranar da aka kori sarki daga fagen yaƙi. Haka yake tun zamanin da. Fir'auna Ramsis na 2 ya yi yaƙi da Hittiyawa a Kadesh wajen shekara ta 1274 kafin Almasihu, bai ci garin ba, amma da ya koma Masar ya sa aka sassaƙa labarin a bangayen haikalai kamar shi kaɗai ya tarwatsa abokan gaba. Haka sarakuna suke rubuta tarihinsu, haka kuma kowane mutum yake ba da nasa labari in ya sami masu saurare.

Littafi Mai Tsarki bai bi wannan hanya ba. Ibrahim uban masu bangaskiya ne, amma Littafin Farawa ya faɗi yadda tsoro ya sa ya ce Saratu ƴar'uwarsa ce, sau biyu, a Masar da Gerar. Musa ne ya karɓi Shari'a, amma an rubuta cewa ya kashe Bamasare ya turbuɗe shi cikin rairayi, an kuma rubuta laifin da ya hana shi shiga Kan'ana. Haruna, babban firist na fari, shi ya ƙera ɗan maraƙin zinariya. Bitrus ne ya tsaya a gaban manzanni, amma Bisharu huɗu duka sun ba da labarin yadda ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya. Tsofaffin ikkilisiya sun ce Markus ya rubuta abin da ya ji daga bakin Bitrus ne, ashe Bitrus da kansa yake ba da labarin faɗuwarsa. Bulus kuma bai daina tuna wa masu karatunsa cewa ya tsananta wa ikkilisiya ba.

Labarin Dawuda ya fi duka. Shi ne sarkin da Isra'ila take alfahari da shi, daga zuriyarsa ake sauraron Almasihu. Duk da haka littafin Sama'ila na 2, sura 11, ya faɗi yadda ya ɗauke matar Uriya, sojansa mai aminci, ya nemi rufe cikin da aka samu, da dabarar ta ƙi sai ya ba Uriya wasiƙar mutuwarsa ya kai wa Yowab da hannunsa. Littafin Tarihi, wanda aka rubuta daga baya, ya tsallake wannan labari, amma babu wanda ya yi ƙarfin halin cire shi daga Sama'ila. Bayan shekara wajen 1000, sa'ad da Matiyu yake jera kakannin Yesu, da ya zo kan uwar Sulemanu sai ya ambaci sunan Uriya, don kada a manta.

Akwai mutanen kirki waɗanda irin wannan labari yake yi musu nauyi, suna ganin bai dace a faɗi haka a kan bayin Allah ba. Nauyin da suke ji daga ladabi yake fitowa, ba abin raini ba ne. Amma a yi tunani: da wani ya sami damar gyara littafin don ya ƙawata addininsa, waɗannan shafofi ne zai fara yagewa. Kasancewarsu a ciki har yau ita kanta shaida ce. Littafin da bai ji nauyin Dawuda ba, ba zai ji nauyin kowa ba, wannan kuwa shi ne abin da mai neman sanin kansa yake bukata.

Yadda Natan ya shiga fada

Sanin gaskiya daban, shigar da ita zuciya daban, gama kowace zuciya tana da dogarai a ƙofa. Da annabi Natan ya shiga ya zargi sarki kai tsaye, da wataƙila bai fita da kansa ba. Sai ya kawo ƙara kamar ta wani. Ya ba da labarin attajiri mai garkuna, da matalauci mai ƴar tunkiya ɗaya tak wadda ta girma tare da ƴaƴansa. Baƙo ya sauka wa attajirin, sai ya ƙyale garkunansa ya kama ta matalaucin ya yanka. Dawuda ya husata, ya yanke hukunci cewa mutumin ya cancanci mutuwa, zai kuma biya ninki huɗu. Sai da sarki ya gama yanke hukuncin Natan ya nuna masa cewa attajirin nan ba kowa ba ne, shi ne.

Haka Maganar Allah take aiki har yanzu. Takan bar mutum ya hau kujerar alƙali, ya yi fushi da mugun da yake cikin labarin, sa'an nan ta juyo da fuskarsa ga kansa. Wani mai awon hatsi a ƙasar Gobir ya ɗanɗana wannan.

Tiya biyu

Mutumin nan mai bi ne tun yana saurayi. Ba ya fashin sujada, yana ba da zakka, ba a taɓa jin sunansa wajen giya ko mata ba. Sana'arsa sayen hatsi da kaka, ya ajiye, ya sayar da bazara da damina. Yana da tiya biyu. Da babbar yake saye, yana tara hannu a bakinta har hatsin ya yi tudu. Ƙaramar kuwa an bubbuge gindinta ya shiga ciki kaɗan, da ita yake sayarwa. Buhun da ya saya a kan tiya 40 yakan fitar masa da 43. Bai taɓa kiran wannan sata ba. Yakan ce dabarar kasuwa ce, kowa ma haka yake yi.

Damina ta 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka, sai 2005 ta zama shekarar yunwa a ƙasashen Maradi da Damagaram da Tawa. Kuɗin hatsi ya ninka, mutanen karkara suka koma cin anza da ganyaye. Mata sukan zo wurinsa da kuɗin tiya ɗaya a ƙulle a bakin zane, yana auna musu da ƙaramar. A shekarar nan ya sayi bijimai biyu na noma.

Bayan shekara biyu, ana dab da kaka, aka karanta annabi Amos sura 8 a majami'a, inda annabin yake tsauta wa masu ɗokin ranar hutu ta wuce don su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar har da ƙaiƙayi. Karatun ya yi wa mutumin daɗi ƙwarai. A hanyar gida yana ta ce wa abokansa yau an taɓa manyan Maradi masu mangaza, waɗanda suka kulle hatsi mutane suna mutuwa. Ya hau kujerar alƙali kamar Dawuda.

A gidansa ɗansa ɗan lakwal ne yake yi musu karatu da dare, suna bin littafin Maimaitawar Shari'a sura sura. Ba a yi mako biyu ba suka kai sura 25, inda aka hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Yaron ya ɗaga kai, ba da wata manufa ba, ya ce, “Baba, tiyar da ke bayan randa da wadda kake tafiya kasuwa da ita, wacce ce ta gaskiya?”

Uban ya daka masa tsawa, ya ce, “Karatu aka sa ka ko bincike? Tashi ka kwanta.”

Da yara suka yi barci matarsa ta ce, “Maigida, yaron nan bai zage ka ba. Abin da yake rubuce ne ya karanta.”

Ya ce, “Ai ke ma kin ci tuwon.”

Ta ce, “Na ci. Shi ya sa har yau yake tsaye mini a wuya.”

Ya hana karatun dare har wajen wata guda. Cikin kwanakin nan yana ta kare kansa a zuci: ga asarar da ƙwari suke jawowa a rumbu, ga kuɗin mota, ga zakkar da yake bayarwa. Ya shiga buɗe littafin a ɓoye yana neman ayar da za ta sassauta masa. Sai ya tarar Littafin Firistoci ya hana, Karin Magana ta hana ba sau ɗaya ba, annabi Mika ma ya hana. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa, amsa ɗaya yake samu. Daga baya ya faɗa kan labarin Zakka na Yariko, wanda ya tashi a gaban jama'a ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu.

Ya tafi wurin wani tsoho na ikkilisiya, ya ce, “Baba, in mutum ya tuba a zuciyarsa, tsakaninsa da Allah, bai isa ba?”

Tsohon ya ce, “Ɗana, in ka taka ƙafar mutum, kafin ka ce ya yi haƙuri sai ka ɗaga taka tukuna.”

Ninki huɗu ya fi ƙarfinsa. Ya zauna da matarsa suka tuno gidajen da suka riƙa saye a wurinsa, ya sayar da bijimi ɗaya, ya ɗora hatsi a jaki yana bi gida gida. Waɗansu suka karɓa suka sa albarka. Waɗansu suka yi dariya, suka ce ko siyasa zai shiga. Abokan sana'arsa suka yi fushi don ya tona abin da kowa yake yi, suka daina haɗa kaya da shi a mota. Wata mace kuwa, wadda ɗanta ƙarami ya rasu a daminar yunwar, ta dubi hatsin ta ce, “Malam, a lokacin nake bukatarsa.” Ta koma ɗaki ta bar shi tsaye.

Babu mai iya cewa ɗan abin da ya rage mata ne ya kashe yaron, babu kuma mai iya tabbatar masa cewa ba shi ba ne. Ya koma gida da wannan kaya a zuci. Bai yi arziki bayan haka ba, cinikinsa ma raguwa ya yi. Ƙaramar tiyar ta zama kwanon ruwan kaji, aka kuma koma karatun dare.

Ramuka biyu a bakin hanya

Wanda ya ɗauki littafin don ya binciki kansa, akwai ramuka biyu da zai kiyaye.

Na fari shi ne karatu da wuƙa a hannu. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya aka tsinci littafin Shari'a cikin Haikali, aka karanta wa sarki. Da ya ji, sai ya keta tufafinsa don baƙin ciki, ya tashi ya gyara ƙasar. Ɗansa Yehoyakim ma an karanta masa maganar Ubangiji daga littafin da Irmiya ya sa Baruk ya rubuta. Lokacin sanyi ne, yana zaune yana jin wuta. In an karanta ɗan sashe sai ya yanke shi da wuƙa ya jefa a wutar, har littafin ya ƙare. Uba ya keta rigarsa, ɗa ya keta littafin. Masu bi na yau ba sa ƙone shafi, amma da yawa suna da wuƙar Yehoyakim a zuci. Ayar da ta yi daɗi tasu ce, wadda ta yi zafi ta maƙwabci ce. Miji ya haddace abin da aka ce wa mata, mata ta haddace abin da aka ce wa maza. Wannan shi ne halin Bafarisiyen nan na Luka sura 18, wanda ya shiga Haikali yin addu'a ya ɓuge da lissafin laifin wani. Yakubu ya kwatanta Maganar da madubi, madubi kuwa ba a leƙen gidan wani da shi.

Rami na biyu shi ne fid da zuciya. Akwai wanda in ya ga halinsa a fili sai ya ce tasa ta ƙare, ya daina zuwa sujada, ya guji Jibin Ubangiji shekara da shekaru. Yahuza da Bitrus duka sun ga laifinsu, duka sun yi baƙin ciki. Yahuza ya tafi da nasa shi kaɗai ya hallaka kansa. Bitrus ya yi kuka, ya zauna cikin ƴan'uwa, har Ubangiji ya same shi a bakin tekun Galili ya sake danƙa masa kiwon tumakinsa. Littafin da ya tona Dawuda shi ne kuma ya ajiye addu'ar tubansa a Zabura 51, ya faɗi cewa an gafarta masa, ko da yake bai ɓoye cewa ɗan da aka haifa ya mutu ba, gidansa kuma bai sake zama lafiya ba. Gafara gaskiya ce, tabon ma gaskiya ne, littafin ya faɗi duka biyu. A nan ne amincinsa ya cika. Da tonawa kaɗai yake yi, da babu mai iya jure karanta shi da zuciya ɗaya, sai kowa ya koma ga ƙarya don ya tsira. Amma tun da yake ya nuna Almasihu wanda ya mutu domin masu zunubi, mai laifi ba shi da sauran dalilin ɓoyewa. Majinyacin da ya tabbata akwai magani ba ya ɓoye wa likita inda yake masa ciwo.

Yadda ake binciken kai

Wannan aiki ba sabo ba ne a Afirka. Agustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya yi shekaru yana gudun gaskiyar kansa, har a 386 a birnin Milan ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya karanta ƙarshen sura 13, ya ga rayuwarsa a ciki. Bayan ya zama bishop na Hippo ya rubuta littafin furta laifofinsa. Bai tsaya kan manyan zunubai kaɗai ba, har satar ƴaƴan itacen da ya yi da abokansa yana ɗan shekara 16 ya bincika, yana tambayar kansa me ya sa ya sata alhali ba ya jin yunwa. Babban malami ne, amma bai ga abin ya yi ƙanƙanta da bincike ba.

Mai son bin wannan hanya ba ya bukatar ilimi mai zurfi. Ya keɓe ɗan lokaci da dare, ya roƙi Ruhu Mai Tsarki haske, gama wanda ya shiga ɗaki mai duhu ba fitila zai fito ya ce ɗakin a share yake. Ya ɗauki Dokoki Goma na Fitowa sura 20, ko koyarwar Yesu a kan dutse cikin Matiyu sura 5 zuwa 7, ko jerin ayyukan jiki da albarkar Ruhu na Galatiyawa sura 5, ya bi su a hankali. In sunan wani ya faɗo masa a rai, ya ajiye shi gefe ya koma kan nasa. Ya kira laifin da sunansa na gaskiya. Kowa yana iya cewa shi mai zunubi ne ba tare da jin zafi ba, amma faɗin cewa ya ci kuɗin marayu jikka 20, ko ya ɓata sunan wance a bakin rijiya, wannan shi ne furci. In akwai abin mayarwa, ya mayar tun mai shi yana da bukata, kada ya jira. In abin ya fi ƙarfinsa, ya nemi shugaban ikkilisiya ko dattijo mai riƙon asiri, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda bai iya karatu ba, ya sa ɗansa ko jikansa ya karanta masa, kada kuwa ya tsawata wa yaron in karatun ya taɓa shi.

Bayan wannan duka, ya karɓi gafarar da aka yi masa alkawari, ya tashi ya kama aikinsa. Tuban muzuru, wanda ake yi da kaza a baki, ba tuba ba ne. Zama cikin makoki bayan Allah ya yafe, shi ma rashin gaskata Maganarsa ne.

Mutane da yawa suna kare Littafi Mai Tsarki da baki a kasuwa da tasha, suna kawo hujjar Kumran da ta Sina'i, hujjojin kuwa masu kyau ne. Amma maƙwabci ba zai tafi Landan duba tsohon rubutu ba. Abin da zai duba shi ne awon Kirista, da alkawarinsa, da bakinsa, da yadda yake yi in an nuna masa kuskurensa. Wanda ya bar littafin ya hukunta shi, shi ne ya gaskata shi da gaske. Ubangiji ya ba masu karatu zuciya irin ta Yosiya, ya raba su da wuƙar Yehoyakim. Amin.